Gayyatar Babarbare

Tudun Alli yana bayan gonakin ƙarshe na Kazaure, in ka ɗauki hanyar Roni. Fili ne mai faɗi da ya ɗan ɗaga, ƙasarsa fara-fara, in ka tona da yatsa ba za ka yi nisa ba za ka tarar da dutse mai gari kamar alli. Garma ba ta shigarsa, shi ya sa ba wanda ya taɓa wahalar da kansa da noma shi. Ciyawa ce kawai, sai zomo da fakara da bushiya, sai kunkuru a cikin kwazazzabon da ke gefen gabas. Da hukuma ta lura waɗannan halittu sun ƙare a ko'ina sai nan, ta zagaye wurin da waya, ta hana kiwo da farauta, ta ba Baba Kura mabuɗin ƙofa.

Baba Kura Babarbare ne, ga tsage nan a kumatunsa, amma a nan aka haifi ubansa ma. Yana da rumfa a bakin ƙofar da kujerar katako guda. Nakan je wurinsa bayan la'asar in zauna a kan buzu, shi yana magana ina ji. Maganar da ya fi so guda ce.

"Tunda aka ba ni mabuɗin nan," yakan ce, "ko kashin saniya bai faɗi a ciki ba."

Ya fi jin daɗin faɗinta in Muhammadu Lawal yana kusa. Lawal shi ne babba a rugar da ke bayan tudun, sauran makiyayan yankin duk maganarsa suke bi. Shi da Baba Kura sun tsufa suna wasan Fulani da Barebari, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, ba a taɓa jin sun yi gaisuwa ta mutunci ba. Wata shekara Baba Kura ya aika masa cewa gwamnati ta buɗe tudun ga makiyaya. Lawal ya koro shanu tun da safe, ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, Baba Kura a kan kujera da mutanen da ya tara, ana ta dariya. Har yau ana ba da labarin a kara, kasuwar shanu.

To, a ƙarshen daminar bara, hatsi ya yi kai amma ba a fara yanka ba, Malama Ikilima ta ofishin gandun daji ta zo duba wuri. Ta shiga ta ƙofa, muka bi bayanta. Ba ta yi nisa ba gamba ta haɗiye ta, sai muryarta muke ji.

"Baba, yaushe rabonka da ganin tsuntsun nan zakaran ƙeƙuwa a nan?"

Baba Kura ya yi tunani. Ya ce an jima.

"Fakara fa?"

"Suna nan. Sun dai ragu."

Ta fito tana cire ƙarangiya daga zanenta. Ta nuna mana inda sabara da geza suka mamaye, wurin da a da fili ne. Ta buɗa gindin gambar ta nuna mana tsohuwar ciyawar shekaru da ta kwanta ta danne ƙasa, ba abin da ke iya tsirowa a ƙarƙashinta. Ta ce su ne suka yi kuskure a ofis da suka rufe wurin ruf. Irin wannan fili, in ba a ɗan cin ciyawarsa, daji yake komawa, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa su gudu. Abin da ya fi damunta kuwa shi ne rani. In wannan tarin ciyawa ya bushe, ashanar mafarauci guda ta isa, wutar kuma ba za ta tsaya a waya ba.

"Hanya biyu ce, Baba," in ji ta. "Ko shanu su shigo su rage ta tun tana ɗanya, ko mu sa wuta da kanmu da zarar ta fara bushewa, tun ba ta yi ƙarfi ba."

Baba Kura ya juya. Ya yi gaba, muka bi shi har kwazazzabo. Ya durƙusa ya ɗage ciyawa. Ga 'ya'yan kunkuru nan, ƙyanƙyasar daminar, kowanne bai fi ƙwallon mangwaro ba, bayansu ma bai gama tauri ba. Ɗaya ya miƙo wuya ya dube mu ya mayar.

"Manyan suna da ramuka," in ji shi. "Waɗannan ina za su? Kin ga gudunsu ke nan."

"Ni ma ba na son wutar. Ka samo mini shanu."

"Shanun wa?"

"Ka fi ni sanin wanda ke bayan tudun nan."

Washegari ya sa babbar riga, abin da ba ya yi sai Juma'a, ya ce in raka shi. Muka sami Lawal a bakin titi, shanunsa a jere a 'yar siririyar ciyawar da ke tsakanin kwalta da gonar gero, yana tare wannan yana tsawata wa waccan. Akwai wasu dattawa a gindin aduwa suna hutawa.

"Salamu alaikum, Malam Muhammadu."

Lawal ya waiwaya baya, ya duba hagu, ya duba dama. "Da wa ake?"

"Da kai nake."

"Aradu bawana ba shi da lafiya. Wa ya ba ka aron riga?"

Baba Kura ya haɗiye amsar da ta zo masa baki. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ciyawa ta yi yawa, ofis ya yarda, a kawo shanu su ci.

Lawal ya saurara har ƙarshe yana jingine da sandarsa. Sannan ya juya ga dattawan. "Kun ji talaucin Babarbare? Ƙaryar ma guda ɗaya gare shi. Ita ya sa wancan karo, ya wanke ta ya sake sawa."

Dattawa suka fashe da dariya. Muka dawo.

Da Malama Ikilima ta ji, ta ce bari ta je da kanta. Lawal ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata kindirmo, ya saurare ta. Da ta gama ya girgiza kai cikin tausayi. "'Yar nan, ke 'yar mutanen kirki ce. Me tsohon nan ya ce zai ba ki?"

Ruwa ya fara ja da baya. Kan gamba ya fara yin ja-ja. Baba Kura ya rage magana, ya ƙara yawan zuwa kwazazzabo. Ran nan ya miƙe ya ce mu koma. Wannan karon bai yi sallamar ado ba. A gaban dattawan gindin aduwa ya ɗaga yatsa sama ya rantse da Allah, rantsuwa cikakkiya, cewa maganar nan gaskiya ce.

Dariya ta ɗauke daga fuskar Lawal. Ya san rantsuwa ba ta cikin wasa. Baba Kura ya ga ya samu shiga, sai ya ƙara da abin da ya ɓata komai.

"Dubi shanunka, Lawal. Ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nan. Ka kawo su su ƙoshi, ni na ba ka."

Lawal ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. Ya ce, a hankali, "An gode. Shanuna a ƙoshe suke."

A daidai lokacin wata farar saniya a bayansa tana taunar leda.

"A ƙoshe?"

"A ƙoshe. Madalla da alheri. A gai da gida."

Lawal bai taɓa ce masa a gai da gida ba. Baba Kura ya dawo rumfa kamar wanda aka mara.

Saude, uwargidan Lawal, takan biyo ta bakin ƙofar in ta dawo daga tallan nono. Da yamma ta tsaya ta sauke ƙwarya, ta dubi Baba Kura ta taɓe baki.

"Bawan gidanmu, an ce ka je ka zagi maigida."

"Zagi? Abinci na yi wa shanunsa tayi."

"Shi ne zagin ai. A gaban mutane ka ce dukiyarsa yunwa take ji, kuma kai za ka ciyar da ita. Kai ka taɓa ganin ya ci loma a gidan wani don an ce masa bismilla? Ko zai faɗi don yunwa, cewa zai yi yanzu ya tashi daga kan akushi."

"To ai ya sha cinye mini ƙosai a nan rumfar."

"Ka ba shi?"

"A'a. Ɗauka yake in na juya baya."

"To." Ta ɗora ƙwarya a ka. "Kayan Babarbare ai ba a karɓa, ɗauka ake. Ni dai ban ce komai ba. Nono ya ragu, shi ke nan abin da na sani."

Bayan ta tafi ya daɗe yana juya mabuɗi a hannu. Na san abin da ke cinsa. In Lawal ya shiga da izini, mutane za su ce hukuma ce ta buɗe. In ya shiga da sata, Baba Kura ne aka ci.

"Shekara da shekaru," in ji shi. "Ko kashin saniya."

Ya tashi ya ɗauki filaya ya nufi kusurwar arewa.

Ranar kasuwa muka je kara. Ya zaɓi bencin mai shayi da ke bayan inda Lawal yake zaune da 'yan'uwansa, muka ba su baya. Ya riga ya koya mini abin da zan ce.

"Ina maganar shanu a tudu?" na tambaya.

"An fasa!" Ya ɗaga murya har mai shayi ya zabura. "Na gaya wa ofis kada su ɓata ciyawa. Shanun Fulanin yanzu ba su da haƙora, leda suka saba ci. In suka ga gamba ta gaske sai su suma. Ba saniyar da za ta taka wurin nan ina raye."

"To madalla."

"Abu ɗaya ne ke damuna." Ya yi kamar zai yi raɗa, amma har masu awaki sun ji. "Waya ta tsinke a kusurwar arewa, wajen farar ƙayar nan. Faɗin shanu biyu a jere. Gobe kuma zan tafi Babura suna. Allah Ya sa ɗan Fillo bai ji ba. Ko da yake ko ya ji, tsoro ba zai bar shi ba."

Ba wanda ya waiwayo daga bencin Fulani. Da na saci kallo dai na ga kafaɗar Lawal tana rawa kaɗan-kaɗan, kamar mai danne dariya.

Baba Kura bai je Babura ba. Da hantsi muna tsugune a bayan wani dutse, cinnaka na cizonsa yana daurewa, muka ji kukan shanu. Suka kwararo ta kusurwar arewa, farare da jajaye, balbelu na bin su. Suka sa kai a cikin gamba, ba ka jin komai sai ƙarar tsinkar ciyawa. Baba Kura ya lumshe ido.

Lawal kuwa bai tsaya wurin shanu ba. Ya ratsa tudun ya fito ta ciki har bakin ƙofa, ya zura hannu ta tsakanin waya ya jawo kujerar Baba Kura, ya ɗaga ta ya shigo da ita, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana fuskantar titi. Duk mai babur da ya zo wucewa sai ya ɗaga masa hannu.

"A gaya wa mutanen gari an yi sabon mai gadi!"

Kafin azahar an taru. Baba Kura ya fito daga bayan dutse da gudu irin na tsofaffi, hula a hannu.

"Ɓarawo! Bawa ya hau kujerar ubangidansa! Fitar mini da ƙwarangwal ɗin nan!"

"Har ka dawo daga Babura? Ko naman sunan ba su ba ka ba?"

Baba Kura ya faɗa cikin shanu yana ihu yana kaɗa riga. Wanda ya lura zai ga korar tasa ba ta nufi kusurwar arewa ba. Yamma yake kaɗa su, inda gamba ta fi duhu, nesa da kwazazzabo. Mutane ba su lura ba, dariya ta hana su.

Haka aka yi ta yi. Kullum da yamma Baba Kura ya ɗaure wayar da igiyar rama da ko akuya za ta tsinka. Kullum da hantsi shanu su shigo. Shi kuma ya bi su da zagi, yau ya kora su kudu, gobe tsakiya, ba ya barinsu su daɗe a wuri guda har su tona ƙasa. Muryarsa ta dushe. Shanu suka murje, suka ci 'yan tsiron sabara, suka tattake tsohuwar ciyawa, farar ƙasa ta fara leƙowa nan da can.

A gari kuwa ya sha. In ya shiga kasuwa sai a ce a ba yaron Lawal hanya. Mai shayi ya tambaye shi ko yana sayar da taki, an ji ya tara. Har a ƙofar masallaci wani ya riƙe hannunsa ya yi masa jaje da fuskar gaske. Ran nan ya dawo rumfa ya zauna a kan buzuna, don kujerar tana hannun Lawal.

"Saura kaɗan in faɗa musu," in ji shi da dusasshiyar murya. "Wallahi ya zo nan." Ya nuna maƙogwaro.

"In ka faɗa fa?"

"Kafin magariba ya ji. Gobe ba saniya." Ya dubi gefen gabas, inda gamba take tsaye har yanzu, ta fara yin fari. "Ga can ba a taɓa ba. Can ne kuma ba na son a taɓa da garaje."

Malama Ikilima ta zo ba ta aiko ba. Ta sauka daga babur ta tarar da shanu a ciki, Lawal a kan kujera, 'yan kallo a jikin waya. Fuskarta ta washe. Ta nufi Lawal kai tsaye, ta ɗan rusuna.

"Baffa, gaskiya mun go..."

Baba Kura ya sa wani irin tari, kamar zai shiɗe. Ya shiga tsakaninsu yana zare mata ido yana girgiza kai. "Ranki ya daɗe, ga shi nan! Ga ɓarawon! Kullum ina korarsa yana dawowa. A hukunta shi!"

Ta dube shi. Ta dubi Lawal, wanda ya kafa wa sama ido kamar yana neman hadari. Ta dubi igiyar ramar da ke reto a aljihun Baba Kura. Sai ta ɗaure fuska.

"Abin kunya," in ji ta. "Dattawa biyu. Kai Baba an ba ka amana ka kasa. Kai kuma Baffa, na ja maka kunne. Kada in sake in ji saniyarka ta taka gefen gabas. Musamman daga gobe zuwa ƙarshen mako. Musamman da safe."

"Ni ba na jin Hausa sosai," in ji Lawal.

Washegari shanu suka wayi gari a gefen gabas. Baba Kura ya riga ni zuwa, na hango shi yana sauri ya nufi kwazazzabo, ba ihu ba zagi, tsoro ne na gaske a tafiyarsa. Da na iso na same shi tsaye. An sare ƙayar magarya an yi shinge an zagaye bakin kwazazzabon, irin shingen da ake yi wa 'yan maruƙa. Shanu na kiwo a kewaye, ba wadda ta matsa. A ciki 'ya'yan kunkuru suna ta tafiyarsu ta ba gaira ba dalili. Lawal yana zaune a kan dutse yana cire ƙaya daga tafin hannunsa.

"Wa ya sa ka?" in ji Baba Kura.

"Danginka ne na gani. Dubi bayansu, tsagen gidanku sak. Na ce kada saniya ta taka ɗaya, a zo ana mini zaman makoki da yaren da ba na ji."

Baba Kura ya buɗe baki. Na ga godiya ta taho masa, na ga ya kama ta da ƙyar ya mayar.

"Shingen ma a karkace," in ji shi.

Bayan an yanke gero shanu suka koma gonaki cin kara, ba wanda ya kore su. Malama Ikilima ta dawo ta zagaya tudun da ƙafa, mu uku muna biye da ita, don Lawal ya ce ya zo ganin inda za a ɗaure shi. Ciyawa ta dawo iya gwiwa, wani wuri iya idon sawu, an bar kututtun gamba nan da can inda zomo zai fake. Wani garken fakara ya tashi a gabanmu da ƙara har ta dafe ƙirji. Ta tsaya a bakin kwazazzabo ta leƙa.

"Ba za mu sa wuta ba," ta ce. "A share gefen waya kawai, ya isa."

Baba Kura ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa.

"Sai dai fa, Baba," in ji ta, "abin nan na kowace shekara ne. Baɗi ma haka, in ruwa ya kusa ɗaukewa."

Ya sauke hular a hankali. "Baɗi ma? A sake cina a gaban gari?"

"Ni ban san yadda kuke yi ba. Ciyawa dai nake so a rage."

Lawal ya saɓa sandarsa a wuya ya rataya hannuwa. "Baɗi ka ɗaure wayar da abin kirki, Babarbare. Igiyar rama raini ce. Mutum yana so ya ji ya yi sata."